Cocin Titin Mott da Baƙin da Suka Gaje Shi

A ƙarshen shekarar 1823 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Kuba, Fada Félix Varela, ya sauka a New York yana gudun hukuncin kisa da masarautar Sifaniya ta yanke masa saboda ra'ayinsa na siyasa. Baƙo ne, kuma a cikin baƙi ya yi sauran aikinsa. A 1827 ya kafa ikilisiya a titin Ann, wadda ta koma titin Chambers a 1836 ta ɗauki sunan Transfiguration, mafi yawan mabiyanta kuwa talakawan Ailan ne da ke cunkushe a unguwar Five Points.

Da yunwar da ta faɗa wa Ailan daga 1845 ta koro dubban mutane zuwa Amurka, sai wurin ya yi wa jama'a kaɗan. A 1853, shekarar da Varela ya rasu a Florida, ikilisiyar ta sayi wani ginin dutse a titin Mott, wanda mabiya Luther suka gina tun 1801, kuma a nan take har yau.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne daga shekarun 1880, sa'ad da 'yan kudancin Italiya suka cika unguwar. Addini ɗaya suke bi da mutanen Ailan, amma harshe da al'ada da talauci sun raba su, har aka keɓe musu ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna sujada a can, masu gida kuma suna sama. Wannan abin takaici ne, domin waɗanda aka ƙyamata jiya su ne suka ƙyamaci na bayansu. Sai da mutanen Ailan suka watse zuwa wasu unguwanni, aka miƙa cocin ga limaman ƙungiyar Salesian a 1902, sannan 'yan Italiya suka hau sama.

Su ma ba su dawwama ba. Unguwar Sinawa tana ta faɗaɗa a kewayen titin Mott, saboda haka a 1949, shekarar da 'yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin, limaman Maryknoll, waɗanda suka daɗe suna aikin bishara a kudancin ƙasar, suka karɓi ragamar cocin. Da dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe wa mutanen Asiya ƙofa, sai sababbin iyalai suka cika kujerun, aka riƙa yin sujada da Turanci da harsunan Kanton da Mandarin.