Katako ko Tagulla: Yadda Ƙaramar Gangar Jaz Ta Sami Muryarta

A tsakiyar kayan kiɗan mai gangunan jaz akwai wata ƙaramar ganga da ake shimfiɗa wa siraran wayoyi a ƙarƙashinta, su ne ke ba ta amon nan mai ƙaraurawa. Muhawarar abin da za a ƙera jikinta da shi ta girmi yawancin masu yin ta a yau.

A shekarun 1920 tagulla ce ke tashe, kuma Black Beauty ta kamfanin Ludwig ce sarauniya. Amonta kaifi ne, yana ratsa hayaniyar zauren rawa. Ko Radio King ta Slingerland, wadda Gene Krupa ya yi wa suna a shekarun 1930, duk da cewa da icen mapul aka yi ta, don ƙasaitattun ƙungiyoyi aka tanade ta.

Sai yaƙi ya zo. A 1942 gwamnatin Amurka ta taƙaita ƙarfen da za a sa a kayan kiɗa, har Slingerland ya fitar da Rolling Bomber, wadda maɗauranta ma na katako ne. A daidai wannan zamani, a Minton's da ke Harlem, Kenny Clarke ya ɗauke nauyin riƙe lokaci daga babbar ganga ya ɗora wa faifan tagulla. Wannan shi ne ainihin sauyin. Ƙaramar gangar ta koma mai tsoma baki cikin zance, tana amsa wa saksofon a hankali. A ƙungiyar mutum huɗu ko biyar, gangar da ta fiye tsawa takan danne fiyano, musamman a ƙuntataccen ɗaki irin falon iyayen Rudy Van Gelder da ke Hackensack, inda aka naɗi fayafayan Blue Note masu yawa kafin 1959. Katako kuwa amonsa a dunƙule yake, yana saurin lafawa, kuma yana karɓar tsintsiyar waya da kyau. Max Roach da Art Blakey da Elvin Jones sun rungumi Gretsch ta Brooklyn.

Amma ƙarfe bai miƙa wuya ba. Supraphonic ta Ludwig, wadda ta koma alminiyam a farkon shekarun 1960, ta shiga hannun makaɗan jaz da dama, domin alminiyam bai kai tagulla yawan amsa-kuwwa ba. A ganina ma an ɗora wa jikin gangar alhakin da ya fi ƙarfinsa: fatar roba da Remo Belli ya fito da ita a 1957, ta maye gurbin fatar maraƙi, ta sauya amon gangunan nan fiye da kowane ice ko ƙarfe.