Yadda Harshen Wuta Ya Fara Tona Asirin Sinadarai

Duk wanda ya taɓa ganin miya ta tafaso ta zubo kan murhun gas ya san abin da ke biyo baya: shuɗin harshen wutar nan take ya koma ruwan ɗorawa. Aikin gishiri ne, wato sinadarin sodiyam da ke cikinsa. Masana a Turai sun daɗe da lura da haka, sai dai abin bai amfane su sosai ba, domin ko ƙyas na gishiri ya shiga wuta, launinsa kan danne na sauran.

A Jami'ar Haidelbag ta Jamus aka samo bakin zaren, a 1859. Robert Bunsen yana da wata fitilar gas mai harshe kusan marar launi. Abokinsa Gustav Kirchhoff ya ba shi shawarar su daina dogaro da ido kawai, su bi da hasken ta cikin gilashi mai kusurwa uku, irin wanda ke warwatsa haske ya fito kamar bakan gizo. Da suka leƙa, sai ga siraran layuka masu haske, kowane sinadari da nasa a gurbin da ba ya sauyawa, tamkar tsagar gado a fuskar mutum.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsu. A 1860 suka hangi layuka biyu shuɗɗa a ruwan wata maɓulɓula ta Durkhaim, layukan da ba na kowane sanannen sinadari ba. Sai da aka ƙafar da ruwa kimanin tan 40 kafin Bunsen ya samu 'yan giram na gishirin sabon sinadarin, suka raɗa masa suna sisiyam. Shekara na zagayowa, jajayen layuka suka kai su ga rubidiyam.

An kuma juya irin wannan gilashi sama. A 1868, shekarar da aka yi husufin rana a Indiya, aka ga wani layi ruwan ɗorawa a hasken gefen rana, dab da na sodiyam amma ba shi ba. Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon sinadari ne, aka kira shi hiliyam, daga sunan rana a harshen Girka. Da yawa ba su yarda ba, har sai da William Ramsay ya fitar da wata iska daga wani dutse mai yuraniyam a 1895, ya duba, ya ga layin nan a gurbinsa.