Siffar garkuwar ƙwayar maleriya: abin da ya kamata a sani game da inzayim ɗin GR

A shekarar 2003 wasu masana daga Amurka da Jamus suka wallafa cikakkiyar siffar wani furotin da ƙwayar cutar zazzabin cizon sauro ke kare kanta da shi a cikin jinin ɗan'adam. Sunansa gulutatayon ridoktes, ana kuma taƙaita shi da haruffan GR. Aikin ya fito ne a mujallar Journal of Molecular Biology, daga hannun Ganapathy Sarma da Andrew Karplus na Jami'ar Jihar Oregon, tare da Heiner Schirmer na Jami'ar Heidelberg da Katja Becker da abokan aikinsu.

Lamarin ya shafe mu kai tsaye. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 maleriya ta kama mutum kimanin miliyan 263, ta kashe kimanin 597,000. Kusan kashi 31 cikin ɗari na mamatan 'yan Najeriya ne, kusan kashi 6 kuma 'yan Nijar. Duk wani sabon magani da za a ƙera yana farawa ne da sanin inda ƙwayar take da rauni, kuma siffar GR ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan wurare.

Me ya sa ƙwayar ke buƙatar garkuwa?

Ƙwayar Plasmodium falciparum, wadda ita ce ke haddasa mafi munin maleriya a Afirka, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta zauna, tana cin himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin. Takan cinye fiye da rabin abin da ke cikin ƙwayar jinin da ta shiga. Sai dai wannan abinci yana zuwa da dafinsa. Idan aka farfasa himogulobin, ɓangaren da ke ɗauke da sinadarin ƙarfe yakan fito fili, kuma haɗuwar ƙarfe da oksijin na haifar da sinadarai masu cin jiki, irin su haidurojin faroksaid. Aikinsu ya yi kama da na tsatsa a jikin kwano: suna huda fatar ƙwaya, suna lalata furotin da ƙwayoyin gado.

Ƙwayar takan dunƙule mafi yawan wannan ƙarfe ta mayar da shi baƙin gari marar lahani da ake kira himozoyin. Wannan dunƙulewar ce kulorokwin ke hanawa. Abin da ya tsere kuwa, dole a kashe kaifinsa ta wata hanya. A nan ƙwayar take da naƙasu, domin ba ta da katales, inzayim ɗin da jikinmu ke rusa faroksaid da shi. Saboda haka ta dogara ga hanyoyi biyu: ta gulutatayon da ta tiyoridoksin.

Gulutatayon ƙaramin sinadari ne mai amino asid uku, yana ɗauke da farar wuta. Idan ya tari dafi, sai guda biyu su manne da juna, ƙarfinsu ya ƙare. Aikin GR shi ne ya raba su, ya mayar da su bakin aiki. Inzayim dai furotin ne da ke hanzarta wani aiki na musamman a cikin ƙwayar halitta ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

Yadda aka gano siffar

Babu madubin likita na gama-gari da zai iya nuna furotin ɗaya. Dabarar da aka bi ita ce a tace furotin ɗin, a sa shi ya daskare a jere kamar ƙwayar gishiri, sannan a harba masa hasken eksire. Hasken yakan watsu ya bar ɗige-ɗige a kan na'ura, daga nan a yi lissafi da kwamfuta a gano mazaunin ƙwayoyin zarra. An fayyace siffar GR ta maleriya zuwa ma'aunin angistirom 2.6. Angistirom ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan goma na milimita.

An ajiye sakamakon a rumbun siffofin furotin na duniya, Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971, ƙarƙashin lambar 1ONF. Duk ɗalibin da ke da intanet yana iya sauke shi kyauta, ya jujjuya shi a kwamfutarsa.

Yadda siffar take

GR tagwaye ne. Sassa biyu masu kama ɗaya, kowanne sarƙa ce ta amino asid kimanin 500, suka rungumi juna. Kowane sashe yana riƙe da sinadarin FAD mai launin rawaya a tsakiyarsa. A gefe ɗaya na FAD akwai gurbin da NADPH ke shiga, wanda shi ne ke kawo ilaktoron. A ɗaya gefen akwai gurbin gulutatayon. Ilaktoron na tashi daga NADPH, su bi ta FAD, su sauka kan wasu amino asid biyu masu farar wuta, daga nan su isa ga gulutatayon su kwance shi.

Gurbin gulutatayon ɗin sassan biyu ne suka haɗu suka gina shi, kowanne ya ba da bango. Idan aka raba tagwayen, aiki ya tsaya.

Matsalar mai haɗa magani ita ce mu ma muna da namu GR a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma an san siffarsa tun 1978. Amino asid ɗin da na mutum da na ƙwayar suka yi tarayya a kai ba su kai rabi ba, amma gurbin da ake aikin ya yi kama matuƙa. Maganin da zai toshe gurbin ƙwayar yana iya toshe na majiyyaci, a kashe maciji a haɗa da mai gida.

Binciken 2003 ya nuna inda suka rabu. A tsakiyar tagwayen, inda suka haɗa ƙirji, akwai wani babban rami nesa da gurbin aikin. Siffar ramin da yanayin cajin lantarkin bangonsa sun sha bamban tsakanin mutum da ƙwayar, kuma an san sinadarai da yawa da ke shiga irin wannan rami su rage wa inzayim ɗin ƙarfi. Haka kuma GR na maleriya yana da ƙarin amino asid 34 a jere waɗanda babu su a namu. Waɗannan bambance-bambance su ne ƙofar da ake fatan maganin da zai zaɓi ƙwayar ya bar mutum zai bi.

Tsohon rini da ƙarancin G6PD

Abubuwa biyu ne suka ƙarfafa zaton cewa wannan hanya tana da muhimmanci. Na farko gado ne. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma suna da ƙarancin inzayim ɗin G6PD, wanda ke samar da NADPH a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Jininsu ba ya jure dafin oksijin sosai, kuma hakan yana ba su wata kariya daga maleriya mai tsanani.

Na biyu shi ne shuɗin metilin, rinin da aka haɗa a Jamus a 1876. A 1891 Paul Ehrlich da Paul Guttmann suka yi wa majiyyata biyu maganin maleriya da shi a Balin. Daga baya aka gano cewa GR yana karɓar rinin ya ɗora masa ilaktoron, rinin kuma ya miƙa su ga oksijin, faroksaid ya fito. Ke nan garkuwar ta koma makamin da ke sukan mai ita, tana kuma ƙone NADPH a banza. An gwada rinin a Nouna ta Burkina Faso da kuma Mali, inda ya nuna ƙarfi wajen kashe matakin ƙwayar da sauro ke ɗauka daga mutum. Yana mayar da fitsari shuɗi, kuma yana iya farfasa jinin masu ƙarancin G6PD, don haka ba abin da mutum zai sha da kansa ba ne.

Iyakar abin da siffar ta bayar

Bayan fiye da shekara ashirin, babu maganin maleriya a kasuwa da aka ƙera daga wannan rami. Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2010 kan Plasmodium berghei, mai kama ɓeraye, sun nuna cewa ƙwayar da aka cire wa GR tana ci gaba da rayuwa a cikin jini, domin hanyar tiyoridoksin na iya ɗaukar wani ɓangare na aikin. A cikin sauro ne ta kasa kammala girma. Wannan ya karkatar da tunani zuwa ga sinadarai irin su shuɗin metilin da ke juya inzayim ɗin, da kuma magungunan katse yaɗuwa.

Lokaci kuma ba ya jira. Kulorokwin ya daina aiki har Najeriya ta koma ga haɗin atimisinin a 2005. Yanzu an tabbatar da cewa ƙwayar ta fara jure wa atimisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya.

Akwai kuma batun wanda ke yin binciken. Mafi yawan siffofin furotin a yau ana auna su ne a manyan cibiyoyin hasken eksire da ake kira sinkurotoron, kuma Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da ko ɗaya. Tun 2015 masana ke fafutukar a gina. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma Najeriya, mai masaukin taron, ba ta cika shi ba. Siffar GR tana nan a buɗe ga kowa. Abin da ya rage shi ne ɗakunan gwaji da kuɗin da za su ba masanan ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna damar yin aiki da ita.