Tsadar Ƙin Miji a Ƙagaggun Labaran Ingila na Ƙarni na 19

A littafin Pride and Prejudice, wanda Jane Austen ta fitar a 1813, mai karatu yana jin abin da namiji ke samu a shekara tun kafin ya san halinsa. A babin farko uwar 'yan matan gidan Bennet ta sanar da mijinta cewa sabon maƙwabcinsu, Bingley, yana samun fam 4,000 zuwa 5,000. Da abokinsa Darcy ya shigo zauren rawa, ba a jima ba labarin fam 10,000 ɗinsa ya zagaye ɗakin. Masu karatu da yawa, musamman waɗanda suka san labarin ta hanyar fim, sukan tsallake waɗannan alƙaluma su tafi neman soyayya, su kammala da cewa so ya rushe katangar matsayi. Ni ban ga haka ba. Katangar tana nan daram a ƙarshen littafin, haka ma a mafi yawan takwarorinsa. Hujjar da marubutan nan suka kafa ita ce mace tana da ikon ta ƙi mijin da ya zo mata, ko da kuwa ba ta san inda za ta sa kanta ba bayan mutuwar ubanta. Alƙaluman kuwa su ne ke nuna abin da wannan ƙi yake ci, da kuma wadda za ta iya biya.

Sai an san dokar gado da ta aure ta Ingila a wancan lokaci kafin a ga nauyin lamarin. A gidajen masu filaye, babban ɗa namiji ne ke gadon gida da gonaki gaba ɗaya, don kada dukiya ta tarwatse. Wasu iyalai kan ƙara da ɗaure gadon a rubuce yadda ba zai taɓa faɗawa hannun mace ba. Abin da ya sami gidan Bennet ke nan. Uban yana samun fam 2,000 a shekara daga filinsu na Longbourn, amma 'ya'yansa biyar duk mata ne, saboda haka ranar da ya mutu gidan ya koma hannun wani danginsa na nesa, limamin coci mai suna Collins. Abin da kowace 'ya za ta tsira da shi fam 1,000 ne, wanda ba ya haifar da fiye da fam 40 a shekara, shi ma sai bayan ran uwar. 'Yar babban gida ba ta kasuwanci, ba ta aikin hukuma, ba ta shiga jami'a. Abin da ya rage mata shi ne zaman gidan wasu tana koyar da 'ya'yansu a kan ɗan albashi. In kuma ta yi aure, doka ba ta ƙara ganinta daban da mijinta: kuɗinta da duk abin da za ta samu nan gaba sun zama nasa, sai fa in iyayenta sun yi dabarar killace mata wani abu a hannun amintattu. Dokokin 1870 da 1882 ne suka sauya wannan. Saki kuwa, kafin 1857 sai majalisa ta yi wa mutum doka ta musamman, abin da attajirai kaɗai ke iyawa. Mai karatu Bahaushe, wanda ya saba da cewa 'ya mace tana da kasonta na gado, sadakinta nata ne, aure kuma yana iya mutuwa, ya riƙe wannan bambanci a ransa. A can amarya ce ke zuwa da tsabar kuɗi, kuma in ta shiga, ta shiga ke nan.

Da wannan ma'auni za a auna ranar da Collins ya nemi auren Elizabeth Bennet. Mutum ne mai yawan surutu da fadanci, amma aurensa zai bar gidan a hannun iyalin, uwa da ƙanne su sami wurin zama. Shi da kansa ya tuna mata ƙanƙantar abin da za ta gada, ya nuna mata ba lallai wani ya sake zuwa ba. Ta ƙi. Cikin 'yan kwanaki aminiyarta Charlotte Lucas, mai shekara 27, ba kyau ba dukiya, ta karɓe shi hannu bibbiyu.

A ganina Charlotte ce ginshiƙin littafin, kuma nan ne adalcin Austen ya fi fitowa. Ba ta mai da ita muguwa ba, ba ta kuma hukunta ta da wani bala'i ba. Da Elizabeth ta kai mata ziyara a Hunsford, abin da ta tarar mace ce da ta tsara zamanta a tsanake. Ta zaɓi wani ɗakin baya mara kyan gani ya zama wurin zamanta, don mijin ya tsaya a nasa ɗakin mai kallon hanya. Tana ƙarfafa masa aikin lambu da sunan lafiyar jiki, yana wuni a waje. In ya saki wata maganar kunya a gaban baƙi, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Tana da gidanta, tana da kajinta. Ba wanda ya yi mata auren dole. Tsoron zama a wuyan 'yan'uwa shi ne waliyyin da ya ɗaura auren. Idan mai karatu bai ji tausayin Charlotte ba, bai kuma yarda cewa lissafinta daidai ne ba, to ba zai gane cewa ƙin da Elizabeth ta yi kasada ce ta gaske ba.

Ƙi na biyu ya fi girma, domin Darcy ne Elizabeth ta ƙi, mai gidan Pemberley, saboda ya haɗa neman aure da goranta mata danginta. Daga baya sun daidaita sun yi aure, daga nan ne kuma ake ciro batun rushewar katanga. Amma a duba hujjar da Elizabeth ta ba innar Darcy, Lady Catherine, da ta zo hana auren. Ba ta ce matsayi banza ne ba. Cewa ta yi ubanta ma mai fili ne ɗan asali, don haka ita da Darcy tsara ne. Ta amince da ma'aunin, gardamarta kawai a kan inda aka ajiye ta ne. Wanda littafin ya buɗe wa ƙofa da gaske shi ne sabon kuɗi mai ladabi: dukiyar Bingley daga fatauci ta fito, kawun Elizabeth kuma, Gardiner, ɗan kasuwa ne a Landan, shi da matarsa su ne mutanen kirkin labarin. Barori da manoma ba su cikin lissafi. A Emma, ta 1815, Harriet Smith da aka so a ɗaga sama da asalinta ta ƙare a gidan manomi, littafin kuma ya ɗauki hakan a matsayin daidai. Ko Persuasion, wanda ya fi sauran goyon bayan zuciya, bai mayar wa Anne Elliot da Wentworth ba sai da ya dawo daga yaƙin ruwa da fam 25,000.

Austen ta san abin daga ciki. A Disambar 1802 ta amsa wa Harris Bigg-Wither, magajin babban gida a Hampshire, da safe kuma ta janye. Ubanta ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta Cassandra suka koma rayuwa da taimakon 'yan'uwanta maza, har ɗayansu, Edward, ya ba su ƙaramin gida a Chawton a 1809. Ta rasu a 1817 tana da shekara 41 ba ta yi aure ba.

Ana iya cewa, to ai ƙin nan wasa ne, tunda marubuciya ta riga ta tanadi attajiri a gaba. Wannan suka tana da ƙarfi, amma Jane Eyre ta Charlotte Brontë, ta 1847, ta ba da rabin amsa. Jane marainiya ce mai koyar da yarinya a gidan Rochester a kan fam 30 a shekara. Ranar ɗaurin aurenta da Rochester aka tona cewa yana da mata a kulle a saman gida. Ya roƙe ta su tafi Faransa su zauna ba aure. Ta fita da asuba da sule 20, ta ba mai keken doki duka, ta mance ƙunshinta a cikin keken, ta kwana a fili, har ta kai ga roƙon wani abinci mai sanyi da za a zuba wa alade. A lokacin da ta ce a'a ba ta san da wani gado ba. Daga baya ta sake ƙin St John Rivers, wanda ya so ta bi shi Indiya a matsayin matar mai wa'azi, ba don yana son ta ba.

Rabin da ya rage na sukar ba shi da amsa. Brontë ba ta iya mayar da Jane wurin Rochester ba sai da ta gyara ma'auni da hannunta: kawun Jane ya mutu a Madeira ya bar mata fam 20,000, Thornfield, gidan Rochester, ya ƙone, Rochester ya rasa hannu da gani, matarsa ta mutu a gobarar. Matar nan, Bertha Mason, 'yar Jamaika ce da aka aura masa saboda fam 30,000 na gidansu, domin shi ƙaramin ɗa ne ba zai gaji komai ba. Wato dokar gadon da ta matse mata ita ce ta tura ƙananan 'ya'ya maza farautar dukiya, dukiyar kuma sau da yawa daga tsibiran rake da bayi take zuwa. Jean Rhys ta rubuta Wide Sargasso Sea a 1966 don ta ba Bertha baki, Edward Said kuma a 1993 ya bi sawun gonar Antigua da ke ciyar da gidan Mansfield Park na Austen. 'Yancin Jane na gaske ne, amma wata mace ce ta biya wani ɓangare na kuɗinsa.

George Eliot kuwa ta bar jarumarta ta yi asara. A Middlemarch, da ya fito a 1871 zuwa 1872, Casaubon ya mutu ya bar wasiyyar cewa matarsa Dorothea za ta rasa dukiyarsa in ta auri Will Ladislaw. Ta aure shi, ta rasa. Duk da haka tana da fam 700 a shekara na gadon iyayenta. Eliot ta kuma yi abin da Austen ba ta cika yi ba: ta bi ma'aurata cikin gida bayan biki. Likita Lydgate da Rosamond sun yi auren sha'awa, ita tana hangen danginsa masu sarauta, shi yana hangen ado, bashin kayan ɗaki ya cinye auren da burinsa na bincike.

Mace mara ko sisi sai a wurin Thomas Hardy. Tess, a littafinsa na 1891, 'yar talaka ce mai tatsar shanu da aikin gona. Ta ƙi Alec d'Urberville, ɗan gidan da ya sayi sunan asali da kuɗin kasuwa, sau da yawa fiye da yadda Elizabeth ta ƙi kowa. Bai hana shi lalata ta ba. Angel Clare, ɗan limami mai da'awar wayewa, ya guje ta bayan ta gaya masa gaskiya a daren aurensu, ya tafi Brazil. Da ubanta ya mutu, hayar gidansu ta ƙare da ransa, aka fitar da uwa da yara, sai ta koma wurin Alec don su sami matsuguni. Ta kashe shi, aka rataye ta. Dokar 1882 ta kare dukiyar matar aure, amma Tess ba ta da dukiyar da za a kare, ƙinta kuma ba shi da abin jingina. Mujallu sun ƙi buga labarin yadda Hardy ya rubuta shi. Kafin The Graphic ta fitar da shi kashi-kashi, sai da ya cire jaririn da Tess ta haifa, ya kuma sauya abin da Alec ya yi mata ya zama auren bogi da aka yaudare ta da shi.