Kai hari da tsaron gida a ƙwallon ƙafar Ostireliya

Ana buga ƙwallon ƙafar Ostireliya, wadda babbar gasarta ita ce AFL, a makeken fili mai siffar ƙwai, kowane ɓangare da 'yan wasa 18. Wanda ya buga ƙwallo ta ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu ya ci maki shida. Idan ta bi tsakanin doguwar sanda da gajera, maki ɗaya ne. Babu dokar satar gida a wasan. Haka kuma duk wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan aƙalla mita 15 kafin ta taɓa ƙasa, ana ba shi damar tsayawa ya buga ba tare da an taɓa shi ba.

Mafi yawan makin da ake ci yana zuwa ne jim kaɗan bayan an ƙwace ƙwallo daga hannun abokan karawa. Saboda haka hanyar da ƙungiya ta bi wajen kai hari ita ce ke yanke inda za ta rasa ƙwallo, da kuma irin ɓarnar da za ta biyo baya. Bi ta tsakiyar fili ya fi kusa da sanduna, amma idan aka yi kuskure a nan, abokan karawa sun sami buɗaɗɗiyar hanya. Bi ta gefen layi yana cin lokaci, sai dai ko an rasa ƙwallo, sau da yawa waje take fita, 'yan baya su sami sukunin komawa mazauninsu.

A shekarar 2000, Essendon ta ci wasanni 21 cikin 22 na kakar, daga bisani ta ɗauki kofi. Western Bulldogs kaɗai ta doke ta, bayan mai horarwa Terry Wallace ya tara kusan dukkan 'yan wasansa a gida, dabarar da aka yi wa laƙabi da ambaliya. Sydney ta Paul Roos ta ɗauki kofin 2005 da maki 58 da 54 a kan West Coast, da salon cunkoso wanda shugaban gasar na lokacin, Andrew Demetriou, ya fito fili ya kushe. Bayan shekara biyu Geelong ta nuna ɗaya fuskar wasan: ta riƙa ratsa tsakiya da sauri, ta lallasa Port Adelaide da ratar maki 119 a wasan ƙarshe.

Alastair Clarkson na Hawthorn ne ya fi kowa sauya tunanin masu horarwa. A 2008 ya sa 'yan wasansa tsare gurbi maimakon kowa ya bi mutum guda, suna matsawa tare duk inda ƙwallo ta nufa, kuma da haka suka doke Geelong a wasan ƙarshe. Daga 2013 zuwa 2015 Hawthorn ta ɗauki kofi sau uku a jere da gajerun bugu masu kai wa daidai, domin wanda ba shi da ƙwallo ba ya cin maki. Richmond ta Damien Hardwick ta bi akasin haka a 2017 da 2019 da 2020. Ta yarda za ta rasa ƙwallo, amma a gidan abokan karawa, inda ƙananan 'yan gabanta masu zafin nama ke yi wa mai riƙe da ita rubdugu, 'yan baya kuma sun riga sun ja daga. Wasan bai cika kyan gani ba, amma ya kawo ƙarshen shekara 37 da ƙungiyar ta yi ba kofi.

Hukumar AFL ba 'yar kallo ba ce a wannan taƙaddama, domin ƙarancin maki yana damun 'yan kallo da gidajen talabijin da ke biyan kuɗin haska wasa. A 2019 ta wajabta cewa duk lokacin da za a tashi wasa daga tsakiya, shida su tsaya gaba, shida tsakiya, shida baya. A 2021 ta ƙara da cewa mai tare wanda ya cafe ƙwallo dole ya tsaya cik har alƙalin wasa ya ba da izini. Idan ya motsa, a matsar da bugun gaba da mita 50. Dokokin sun sauƙaƙa bi ta tsakiya, kuma Collingwood ta Craig McRae na cikin waɗanda suka ci moriyarsu, inda ta doke Brisbane da ratar maki huɗu a wasan ƙarshe na 2023.