Tarihin Hukuncin Kisa a Ingila da Kuɗin da Ya Ke Ci

A zamanin da, shari'ar Ingila tana da zafi ƙwarai. Wajen 1815 laifuffukan da a kan rataye mutum saboda su sun fi 200. Wanda ya saci tunkiya, da wanda ya ɗauki kayan sule 5 a kanti, da wanda ya buga kuɗin jabu, duk hukuncinsu ɗaya ne da na mai kisankai.

Wani babban dalilin wannan tsanani shi ne kuɗi. Birnin Landan bai sami 'yan sanda na sosai ba sai a 1829, kurkuku kuwa galibi wurin ajiye masu bashi ne da masu jiran shari'a. Tsare mutum shekara da shekaru yana bukatar gini da abinci da albashin gandirobobi, igiya kuwa araha gare ta. Saboda haka mahukunta suka dogara ga tsoratarwa.

Amma araha ba ta ado. A Ingila mutum 12 a kan zaɓo daga cikin jama'a su saurari shari'a, su faɗi ko akwai laifi ko babu. To, da ya ke satar kayan sule 40 a cikin gida ita ce mai jawo rataya, sau da yawa sai tausayi ya kama su, su yi wa kayan kuɗi sule 39 don ɓarawo ya tsira da ransa. Watau tsananin doka ya sa mutanen kirki suna karya rantsuwa. Hukuma kuma ta riƙa tura masu laifi hayin teku, da fari Amurka, sa'an nan Ostareliya daga 1788 har 1868, aka kwashi mutum wajen 162,000 zuwa can. Sannu a hankali Majalisa ta yi ta rage dokokin, har a 1861 laifuffukan kisa suka koma 'yan kaɗan, babbansu kisankai da cin amanar ƙasa.

Abin da ya girgiza mutane daga baya shi ne shari'ar Timothy Evans, wani direba wanda bai iya karatu sosai ba. An sami gawar matarsa da ta 'yarsa a gidan da su ke haya a Landan, aka kama shi, ya sa hannu a takardar amsa laifi. A gaban alƙali ya janye, ya ce maƙwabcinsa John Christie ne ya yi kisan. Ba a yarda da shi ba, don Christie shi ne babban mashaidin hukuma. Aka rataye Evans ran 9 ga Maris 1950. Ana nan sai a 1953 aka gano gawar mata 6 a wannan gida, Christie ya amsa shi ya kashe su, ya ce har da matar Evans. A 1966 aka yi wa Evans afuwa, daga baya aka biya 'yan'uwansa kuɗi, amma aikin gama ya riga ya gama. Majalisa ta dakatar da rataye masu kisankai a 1965, ta soke shi a 1969, sauran laifuffukan kuma aka ɗauke musu hukuncin kisa a 1998.

A Amurka wasu jihohi sun riƙe hukuncin, amma suka kewaye shi da dogon bincike da ɗaukaka ƙara hawa-hawa, don gudun irin wannan kuskure. Nan lissafi ya juya. Hukuma ita ke biyan lauyan ƙara, ita ke biyan lauyan wanda ba shi da hali, ga kuma tsaro na musamman, mutum ya kan yi shekara 20 ko fiye yana jira. A 2011 wani alƙali, Arthur Alarcón, da wata malamar shari'a, Paula Mitchell, suka ƙididdige cewa jihar Kalifoniya ta kashe wajen dala miliyan 4,000 kan wannan hukunci tun 1978, alhali mutum 13 kaɗai aka kashe. A 2019 gwamnan jihar ya tsai da zartarwa.

Har yanzu masana ba su daidaita ba. Wasu sun ce wanda ya zub da jini da gangan ransa ne bakin hakkin mamaci, ba a kawo zancen tsada a nan. Wasu sun ce alƙali ɗan Adam ne, ya kan yi kuskure, ɗaurarre kuwa ana iya buɗe masa ƙofa in gaskiya ta fito. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, in an yi gaggawa don tsimin kuɗi, a kan haɗa da marar laifi, in kuwa an tsaya bincike sosai, baitulmali ya kan ji jiki. Duk ƙasar da ta riƙe wannan hukunci, tilas ta zaɓi wanda za ta ɗauka cikin biyun nan.