Lalurar wutar na'urar auna ruwan AdBlue

Lalurar wutar na'urar auna ruwan AdBlue matsala ce da ke faruwa a motocin dizal na zamani idan saƙon da ke fitowa daga tankin ruwan ya yanke ko ya gurɓace kafin ya isa kwamfutar injin. Sau da yawa laifin yana jikin waya ko soket, don haka ake bin diddigin wutar kafin a sauya na'urar.

Ruwan da aikinsa

Ruwan AdBlue, wanda a Amurka ake kira DEF, haɗi ne na yuriya kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa kashi 67.5, bisa ƙa'idar ISO 22241. Sunan AdBlue mallakar VDA ne, ƙungiyar masu ƙera motoci ta Jamus. Ana fesa shi cikin bututun hayaƙi, zafi ya mai da shi amoniya, ita kuma ta juya iskar NOx mai cutar da huhu ta koma naitirojin da tururin ruwa. Wannan tsari shi ake kira SCR. Ya bazu a manyan motocin Turai da dokokin Euro IV na 2005 da Euro V na 2008, a Amurka kuma daga 2010.

Yadda na'urar take

Na'urar tana cikin tanki, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Ta farko tana da ƙwallo mai maganaɗisu da ke yawo a saman ruwa, yana kunna ƙananan makunnai yayin da yake hawa da sauka. Ta biyu tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta lissafa lokacin dawowarsa. Wasu suna aiki da volt 5 daga kwamfuta. Sababbi kuwa an haɗe su da ma'aunin zafi da na ingancin ruwa, suna karɓar volt 12 ko 24, suna aika bayani ta wayoyi biyu na layin CAN.

Alamomi da lambobi

Alamar farko ita ce ma'auni ya nuna babu ruwa alhali tanki cike yake, ko ya riƙa hawa da sauka a kan gargada. Fitilar gargaɗi takan kama, daga baya kwamfuta ta rage ƙarfin injin, domin doka ta tilasta haka ga motar da ba ta tsaftace hayaƙinta.

A ƙananan motoci, P203C na nufin wuta ta yi ƙasa a layin, P203D ta yi sama, P203E kuma tana yankewa tana dawowa. P203F daban take: ruwa ne ya yi ƙasa. A manyan motoci masu tsarin J1939, SPN 1761 ita ce lambar yawan ruwan tanki. FMI 3 a gefenta na nufin wuta ta haura, FMI 4 ta faɗi, FMI 9 kuma saƙo ba ya zuwa a kan lokaci.

Matakan bincike

Ana farawa da duba ainihin ruwan da ke cikin tanki, a kwatanta da abin da kwamfutar bincike ta karanta. Sai a duba batir da fiyus, domin raunin batir kan jawo lambobin ƙarya.

Na biyu, a cire soket a duba. Ruwan AdBlue yana cin jan ƙarfe, kuma idan ya bushe yakan bar farin gari kamar kanwa. Koren tsatsa a bakin fil ko fil da ya saki ya isa ya yanke saƙo.

Na uku, a kunna makulli a auna wutar da ke shigowa da mita, a kuma auna wayar ƙasa. Idan wuta ba ta zuwa, matsalar tana bayan soket. Ana girgiza wayoyin ana kallon mita, musamman inda suke gogar shasi, don kama mai yankewa lokaci zuwa lokaci.

Na huɗu ya shafi layin CAN. Idan aka cire batir, awon tsakanin wayoyinsa biyu ya kamata ya kusanci om 60. Om 120 na nuna ɗaya daga cikin matosan ƙarshen layin ya ɓace ko waya ta tsinke, kusa da sifili kuma wayoyin sun haɗe.

Sai waɗannan duka sun fita lafiya ake ɗora laifi a kan na'urar. A motoci da yawa ba a sayar da ita ita kaɗai, sai da dukan kan tankin, abin da ke sa kuskuren bincike ya yi tsada. A 2021 ƙarancin ƙananan kayan lantarki ya sa ta yi wuyar samu a Amurka, har hukumar EPA ta amince da gyaran manhaja na wucin gadi don kada motoci su tsaya.

A Samaru da Sabon Gari

Zariya tana kan babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, Samaru kuma tana kan wadda ta nufi Funtuwa da Sakkwato, inda tireloli ke jigilar hatsi da taki. Daga cikinsu akwai DAF da MAN da Mercedes Actros da aka yi amfani da su a Turai, masu tankin AdBlue mai shuɗin murfi. Gyaran wutarsu aikin masu rewaya ne. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga soket ɗin da robarsa ta mutu, zafin bazara kuma yana rage ingancin ruwan idan ya daɗe sama da digiri 30.

Manoman yankin sun san yuriya a matsayin taki, amma narka takin gona a ruwan rijiya ba ya zama AdBlue: dattinsa yana toshe famfo da bakin feshi, ya kuma maƙale ƙwallon awo. Haka nan ƙaramar na'urar da wasu ke saƙalawa don yaudarar kwamfuta tana kashe fitilar gargaɗi, amma motar takan ci gaba da fitar da NOx a cikin gari.